Surukina da Kafiretar da Ba Ta Daina Zuba Ba

Ranar Talata bayan azahar muka kai surukina makwancinsa a Kwali. Dukanmu na Allah ne, wurinsa kuma za mu koma, Baba ya riga mu ne kawai. Da yake bai bar ɗa namiji ba, 'yarsa ɗaya ce tak kuma ita nake aure, ni aka zaunar a tabarmar ƙofar gida ina karɓar gaisuwa. Ni da ban taɓa iya haɗa ido da shi ba yana raye, sai ga ni a mazauninsa mutane suna ba ni haƙuri.

An zo fiye da yadda na zata. Manoman unguwar sun zo da ƙasar gona a ƙafafunsu. Kanikawan unguwar Gudu ta Abuja sun ciko bas guda, wasu sa'o'insa, wasu labarinsa kawai suka tashi suna ji. Sai manyan ma'aikata daga cikin gari, waɗanda suka jera motocinsu a bakin wata gonar doya har mai gonar ya fito yana duba ko an taka masa shuka. Kowa ya zauna aka yi addu'a aka shafa, sai ya faɗi abu ɗaya: hannun Baba a kan tsohon babur, ba a yi irinsa ba. Babu wanda ya ambaci wuta. Alhali duk sun san wuta ce ta ci shi, sun kuma san daga babur ɗinsa ta tashi.

A rana ta biyu ogana na ma'aikata, wani darakta mai sha'awar tara tsofaffin babura, ya yafito ni bayan motarsa. Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya ƙi kallona.

"Ka san wani abu? Wallahi tun bara, duk aikin da ya yi min, in na ɗauko sai na biya Gudu an sake kwancewa. Zuba yake yi. Amma ta yaya zan kalli dattijo kamar wannan in ce masa aikinsa bai yi ba? Ka gane ai."

Na ce na gane, ranka ya daɗe.

Kafin a tashi zaman kwana uku, mutum huɗu sun ja ni gefe sun faɗa min irin wannan magana, kowa yana rage murya, kowa yana zaton shi kaɗai ne. Ni ma haka na zata. Shekara biyu cur na san idon Baba ya daina ganin abin da hannunsa ke yi, na san kafiretar da ya gyara ba ta daina zubar da mai, ban buɗe baki na faɗa masa ba. Su baƙi ne, suna da ɗan uzuri. Ni kuwa kowace Asabar a gidansa nake wuni. Abin da ya zaunar da ni rubuta wannan ke nan: kada a manta da shi, kada kuma a manta da abin da muka yi masa da sunan girmamawa.

Ta dalilin babur na san shi. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci sabon zuwa Abuja, soja ba su daɗe da komawa bariki ba. Na sayi wani tsohon babur mai salansa biyu a hannun wani masinja da zai yi ritaya, ba don sha'awa ba, don shi ne daidai ƙarfina. Ban yi mako da shi ba ya fara tsiyayar da fetur, wandona kullum yana wari har abokan ofis suka riƙa tambayata ko lita nawa ce yau. Aka ce in je Gudu in nemi rumfar wani tsoho da ya yi wa gwamnati gyaran baburan masinjoji tun hedikwatar ƙasa tana Legas. Na same shi zaune a kan buhu, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera wasu mitsi-mitsin ƙarafa a kai. Bai bari na gama bayani ba.

"In ka ajiye shi kana rufe famfon mai?"

Na ce ban san yana da famfo ba.

"To ba babur ɗin ne ba shi da lafiya ba," ya ce, ya ci gaba da abin da yake yi.

Ina zaune 'yarsa ta kawo masa abinci. Daga ranar babur ɗina ya shiga lalacewa duk mako, wani lokaci da taimakona. Baba ai ba yaro ba ne. Wata rana ya juya fulogin a tafin hannunsa ya ce, "Malam mai ofis, wannan da hannu aka sassauta shi. In wata magana ce ke kawo ka, ka turo manyanka, ka bar wahalar da inji." Sunan da ya kira ni da shi ke nan har ya koma ga Allah, mai ofis.

Daga ranar da aka ɗaura aure bakina ya mutu a gabansa. Haka aka rene mu. Suruki ba a kallonsa ido cikin ido, ba a cin abinci a gabansa, ba a yi masa musu ko da ya ce rana daga yamma take fitowa. In na zo sai in cire takalmi tun daga nesa, in durƙusa, in gaishe shi, in koma gefe. Aikina ma ya ƙara min horo a kan haka. Ni ma'aikacin gwamnati ne, na yi shekaru ina koyon yadda ake ganin abu a fayil a rubuta cewa komai lafiya. Na iya wannan sana'a sosai, har ƙarin girma aka yi min a kanta.

Amma kallon aikinsa ban taɓa gajiya da shi ba. Ga wanda bai sani ba, kafireta wani ɗan kwano ne da fetur ke taruwa a ciki kafin inji ya sha. A cikin kwanon akwai wani abu na tagulla mai yawo a kan man, kanikawa suna ce masa fulot, in kwanon ya cika sai ya ɗaga wata 'yar allura ta toshe hanya. Idan fulot ya huje, ko bakin allurar ya cinye, ko takardar da ke tsakanin murfi da kwano ta bushe, sai mai ya yi ta ambaliya yana ɗiga a kan inji mai zafi. Yawancin kanikawa in sun ga haka sai su buga wa kwanon ƙotar sukundireba, ya tsaya na kwana biyu, su sallame ka. Baba ya tsani wannan. Sai ya tafasa ruwa a butar shayinsa, ya tsoma fulot a ciki, ya zuba ido yana jiran kumfa. In ya ga ƙwayar kumfa ɗaya ta taso, ya san inda hujin yake, sai ya liƙe da dalma. Mazaunin allura kuwa da tsinken ashana da tokar murhu yake goge shi, a hankali, wani lokaci tun hantsi har azahar. Takardar murfi da kansa yake yanka ta. In ka nuna gaggawa sai ya ce, "Mai ba ya jin magiya. In ka bar masa hanya ko ta kai silin gashi, zai bi."

Idan ya gama ɗaurawa, akwai abu na ƙarshe da ba ya tsallakewa. Sai ya shimfiɗa farar takarda a ƙasa daidai ƙarƙashin kafireta, ya buɗe famfon mai, ya tafi sallar la'asar. In ya dawo ya ga takarda a bushe, aiki ya yi. In ya ga ko ɗigo ɗaya, sai ya sake kwancewa daga farko, ko mai babur yana kuka. Ni nake kawo masa takardun, tsofaffin sanarwowin ofis waɗanda bayansu fari ne. Ranar da na fara kawowa ya ɗaga ɗaya ya duba ya ce, "Ashe takardunku suna da amfani."

Da ido kawai yake wannan gwaji, domin hancinsa ya daɗe da mutuwa. Shekara arba'in yana zuƙo fetur da tiyo a baki, yana wanke hannu da shi, har ya daina jin warinsa sam. Shi da kansa yake ba da labarin yana dariya, ya ce ko an soya albasa a kan gemunsa sai dai a gaya masa. Mu ma mukan yi dariya. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin abin da zai rage wa mutumin da ba shi da hanci in idonsa ya tafi ba.

Garin kuma yana ta canzawa a kansa. Kuɗi suka shigo, gidaje suka riƙa tsirowa inda jiya ake kiwo, kowa ya sayi mota, ni ma na saya. Aka cika kasuwa da sababbin babura masu araha waɗanda ba a gyara musu kafireta, sai dai a cire a jefar a sa wata. Da rusau ya zo ya haɗa da rumfarsa, bai je ya roƙi kowa ba, ya kwashe kayansa ya koma Kwali inda yake da fili, ya ci gaba da aiki a ƙarƙashin wani mangwaro a ƙofar gida. Na zata shi ke nan an manta da shi. Sai ga manyan gari sun tsiro da sha'awar tsofaffin babura, irin waɗanda iyayensu suka hau, suna saye suna gogewa suna ajiyewa a gareji. Duk Asabar sai ka ga an ɗauko wani a bayan a-kori-kura an kawo wa Baba. Ya ji daɗin wannan, ko da yake yakan ce yawancinsu ba su san inda kik yake ba. Nawa ma ban sayar ba, ina hawansa ranar hutu, don na san in na sayar ba zai ce komai ba, kuma shirun ya fi faɗa ciwo.

Wata Asabar da damina na kai masa babur ɗina yana zuba. Ya wuni a kansa. Na lura yana kai allurar har kusa da hancinsa kafin ya gan ta, na lura ya tsoma fulot a ruwan zafi, kumfa tana tasowa siri-siri, shi kuma ya ciro ya ce lafiyarsa lau. Na gani da idona. Na ce a raina wataƙila ni ne ban fahimta ba, wa ya kai ni gyara wa Baba aiki. Ya ɗaura, ya shimfiɗa takarda, muka tafi masallaci. Da muka dawo ya sunkuya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba:

"Mai ofis, hadarin nan ya rage haske. Duba min takardar nan, akwai jiƙa?"

Akwai. Zagaye ne kamar faɗin bakin kofin shayi, wari kuma har inda nake tsaye. Maƙwabtansa biyu suna zaune a benci suna kallonmu. A shekara goma da na yi ina auren 'yarsa, wannan ce rana ta farko da ya nemi wani abu a wurina.

"Babu, Baba."

"Madalla," ya ce, ya naɗe takardar ya jefa a murhu.

Washegari na kai babur ɗin Gudu, wurin wani bakanike ɗan kudu da bai san alaƙata da kowa ba. Ya kwance, ya girgiza fulot a kusa da kunnensa, mai yana motsi a ciki.

"Oga, wannan abu ya sha mai ya ƙoshi. Wane ne ya gyara maka shi? Makaho ne?"

Na ce wani ne a hanya. Ya gyara, na dawo gida. Asabar ta gaba Baba ya tambaye ni, na ce ai tun ranar ko ɗigo. Ya yi murmushi ya ce tsofaffin hannu ba su gama aiki ba tukuna.

Faɗa ɗaya muka taɓa yi da shi, in ma za a kira shi faɗa, tunda shi kaɗai ya yi magana. 'Yata tana da shekara bakwai lokacin. Ita da kakanta ba a shiga tsakaninsu, yana ce mata amarya, tana ce masa tsoho mai warin mai. Duk Asabar sai ya ɗora ta a kan tankin babur ɗinsa, wani baƙi mai nauyi da ya fi ni shekaru, su je kasuwa ya sayo mata rake. Bayan abin da na gani, sai na fara duba ƙarƙashin nasa babur ɗin in na zo. Ƙasar wurin kullum a jiƙe take. Na hana yarinyar hawa. Yau in ce tana mura, gobe in ce uwarta ta yi mata kitso iska za ta ɓata. A mako na huɗu ya aika ta cikin gida, ya kira ni.

"Mai ofis, na ga kun yi mota. Allah ya sanya alheri. Amma uwar yarinyar nan a kan tankin nan ta girma, ba ta kuma rage komai ba. In kunya kake ji a ga 'yarka a kan babur ɗin bakanike, ka faɗa min kai tsaye, ka daina ɗora wa mura."

Ina durƙushe, kaina a ƙasa. Ga ƙofa ya buɗe min da hannunsa. Abin da zan ce bai fi kalma goma ba. Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba." Na zaɓi ya ɗauke ni mai girman kai a kan ya san gaskiya. Ku lura da wannan, don shi ne ya fi hana ni sukuni: na san haɗarin har na cire 'yata daga kansa, shi kuma na bar shi a kai.

Na yi wani yunƙuri na matsorata. Na ce wa matata na ga kamar idon Baba yana yin fari, ya kamata a kai shi a duba. Ban gaya mata zancen takarda ba. Ta same shi da maganar ina wurin, ta ce an ce yanar ido ce, aikin cire ta ba ya ɗaukar lokaci, mutum ya kwana ɗaya ya dawo gida yana gani. Ya ce shi ba ya son a sa masa ƙarfe a ido a banza. Ya yarda yana ganin hazo-hazo, amma tsufa ne, kuma bai taɓa aikinsa ba.

"Ga mijinki nan, tambaye shi. Manyan garin nan duk nan suke kawo baburansu. Mai ofis, aikina ya taɓa dawowa?"

Matata ta juyo tana kallona.

"Bai taɓa ba, Baba."

Maganar asibiti ta mutu a nan. Kuma gaskiya na faɗa ta wani ɓangare, aikinsa bai taɓa dawowa ba, domin duk mun koyi hanyar Gudu.

Mutum ɗaya ne bai san wannan hanya ba. Baba yana da amini, wani dattijon Bafulatani da rugarsu take can cikin daji bayan Kwali, tun da aka tashe su daga inda aka gina rukunin gidaje. Yana da wani tsohon babur da yake ɗauko nono da shi zuwa bakin titi. Shekarun baya allurar kafiretarsa ta cinye, aka nema ko'ina babu irinta, har ya yanke shawarar sayar da shi ga masu gwangwan. Baba ya hana. Ya samo guntun tagulla, ya zauna kwana uku yana feƙewa da 'yar zarto har ya fitar da sabuwar allura. Daga nan suka ƙulle. Dattijon yakan zo da ƙwaryar kindirmo, su zauna a gindin mangwaro suna musu, shi yana cewa saniya ta fi babur tunda tana haihuwa, Baba yana cewa bai taɓa ganin babur ya shiga gonar mutane ba. Ban taɓa jin Baba yana ƙyalƙyala dariya da kowa kamar yadda yake yi da shi ba.

Ranar Juma'a abin ya faru. Bayan an sauko daga masallaci Baba ya tsaya a bakin kasuwa sayen doya, ya bar babur a rana, ya manta bai rufe famfo ba, shi da ya koya wa rabin garin nan rufewa. Mai ya taru a ƙasa da kan inji. Da ya dawo ya buga kik, injin ya yi tari ta baya, wuta ta kama. Babbar riga ce a jikinsa. Mata masu sayar da tukwane ne suka yi ta watsa masa ƙasa har ta mutu. Ina ofis ina shirin tashi aka kira ni.

Ya yi kwana huɗu a asibiti. Fuskarsa ba ta ƙone ba, daga ƙirji zuwa ƙafafu ne. Ranar Litinin bayan la'asar matata ta fita alwala, ya rage ni da shi. Ya kira ni da murya ƙasa-ƙasa, na matso na durƙusa a gefen gado.

"Mai ofis, zan tambaye ka abu. Ka ajiye surukuta a bakin ƙofa."

Na ce to, Baba.

"Da hannuna na gyara kafiretar nan sati biyu da suka wuce. Na sa takarda, na ga a bushe. Tun da na kwanta nan nake juya abin. Naka da na yi maka, tsakaninka da Allah, ya daina zuba?"

Na dubi bandejin da aka naɗe shi da shi. Na ce a raina yanzu kuma me gaskiya za ta gyara, ban da ta ƙara masa wata wutar. Na ce mutum yana gaɓar tafiya, a bar shi ya tafi da mutuncin sana'arsa. Dalilai masu kyau suka yi ta zuwa min, kamar yadda suka saba zuwa.

"Ya daina, Baba."

Ya lumshe ido, ya sauke numfashi. "Alhamdu lillahi. To ƙaddara ce, ba hannuna ba ne. Abin da ya dame ni ke nan, kada a ce akwai wani bawan Allah yana yawo da wuta a tsakanin ƙafafunsa saboda ni. Ranar Alhamis ɗin nan na yi wa abokina na ruga nasa. In naka lafiya, nasa ma lafiya."

Ya rasu da safiyar Talata. Waɗannan ne kalmomin ƙarshe da ya yi da ni, kuma a kan ƙaryata ya gina su.

Dattijon ba shi da waya, ban kuma san rugarsu ba. Na ce sai an gama zaman makoki in nemi mai raka ni. Bai zo jana'iza ba, bai zo kwana uku ba, ashe labari bai kai gare shi ba. Ranar addu'ar bakwai da hantsi, mutane sun fara raguwa, sai muka ji ƙarar tsohon inji daga nesa. Ya ajiye babur ɗin a gindin mangwaro, ya zo ya zauna, ya ja rawani ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Ya daɗe a haka. Da ya buɗe sai ya ce, "Wayyo abokina. Da wa zan yi musu yanzu?"

Tun kafin a shafa addu'a warin ya iso ni. Na waiga. Ƙasar ƙarƙashin babur ɗin ta yi duhu, ɗigo yana sauka ɗaya bayan ɗaya.

Da ya tashi tafiya na bi shi. Na sunkuya na rufe famfon man, na tsaya a gabansa. Akwai mutane a kan tabarma suna jinmu, a wurin da ba a faɗar komai game da mamaci sai alheri. Na ce, "Baffa, kada ka hau babur ɗin nan. Zuba yake yi. Idon Baba ya daɗe da tafiya, shekara biyu ke nan aikinsa ba ya tsayawa. Abin da ya kashe shi ke nan." Karo na farko ke nan da na faɗi gaskiyar da ƙarfi, kuma ban mutu ba, ƙasa ba ta tsage ba. Sauƙin faɗarta ya fi komai ba ni tsoro.

Dattijon ya dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Kai ka sani?"

"Na sani, Baffa."

"Shekara biyu?"

Na gyaɗa kai.

"Shi ka gaya masa?"

Na girgiza kai.

"To ni don me kake gaya min?"

Na ce ya bar min babur ɗin in kai Gudu a gyara, ko in sayo masa sabo fil yau ɗin nan, in kai shi gida a mota. Na riƙe masa kan babur ɗin da hannu biyu. Ya cire hannuwana ɗaya bayan ɗaya, ba da faɗa ba.

"Ɗana, ranar Alhamis ya ɗaura wannan da hannunsa, ya ce min ya yi. Shi ne aikinsa na ƙarshe a duniya. Ba zan kai shi wurin wasu yara su kwance suna dariya ba. Ku da kuka san komai kun gama naku. Ni abin da ya gaya min na riƙe."

Ya sunkuya ya buɗe famfon da na rufe. Ya buga kik sau uku, kowane bugu ina jin sa a ƙirjina. A na uku injin ya tashi. Na bi shi da gudu har bakin kwalta, babbar riga tana harɗe ni, ina kiran Baffa, Baffa, mutanen makoki suna kallona. Bai waigo ba.

Allah ka jiƙan Baba, ka sanyaya masa kabarinsa fiye da yadda duniya ta yi masa zafi a ƙarshe, ka karɓi gaskiyar da ya yi aiki da ita shekara arba'in. Shi bai cuci kowa ba da saninsa. Ni kuwa ban san da wane baki zan roƙa wa kaina ba.

Wata biyu ke nan yanzu. Na shiga dajin bayan Kwali sau uku da ɗan rakiya, muka tarar rugar ta tashi, masu nono a bakin titi kowa da inda yake nuna min. Har yau ina bin hanyar duk Asabar. Duk hayaƙin da na hango a gefen titi, ko na masu ƙona shara ne, sai na tsayar da mota na fita na duba.